Baƙin Gilashin Da Na Miƙa Wa Darakta

Ban taɓa ƙin ɗan Adam kamar yadda na ƙi daraktan lakwal ɗinmu ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce yanzu da ya mutu na daina ba. Na dai rage. Abin da ke hana ni sakewa in zage shi son raina shi ne, duk lokacin da na ɗauko zancensa sai zancen wani tsoho ya biyo baya, tsohon da ke gano wa garin jinjirin wata da ido ɗaya tilo. A zancen wannan idon kuwa, ba darakta kaɗai ke da laifi ba.

Shekarar da fari ya fara kashe shanu aka tura ni wani ƙauye da ke bakin fadama, tafiyar hantsi daga Tama a kan jaki. Aikina na farko ke nan bayan na fito daga makarantar horon malamai. Lakwal ɗin, wato makarantar bokon garin, aji biyu ce, ɗaya na siminti mai rufin kwano, ɗaya rumfar kara. Ba sai na faɗi wanda aka ba rumfar ba. Mutanen gari suna kiran mu duka biyu mushe, yadda ake kiran kowane malamin lakwal a ƙasarmu, amma shi in ka ce masa mushe ba ka ƙara da darakta ba, sai ya yi kamar da jakin maƙwabta kake magana.

Gajere ne, mai farin wando da ke shan guga kullum, ga tabarau, ga agogon da yake dubawa ko ba inda za shi. Bahaushe ne ɗan Bahaushe, amma ko akuya ce ta shigo aji da Faransanci yake korarta. Yana da wani ƙashin kan tunkiya da aka ɗaure da igiya, wanda yake rataya wa duk yaron da ya kuskura ya yi Hausa a cikin lakwal. Mako na biyu da zuwana ya ji ni ina yi wa ƴan ajina bayanin rabawa da Hausa, don na ga Faransancin ba ya shiga. Ya shigo rumfar, ya ɗaga ƙashin nan a gaban yara, ya tambaye su ko wuyan mushensu zai ɗauka. Yara suka sunkuyar da kai. Daga ranar ban ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi ba.

Kayan da na zo da su ba su da yawa: akwatin ƙarfe, tabarma, fitilar ƙwai, sai wani dogon akwatin katako da ban yarda kowa ya ɗauka mini ba. A ciki akwai madubin hangen nesa, farin bututu mai kaurin taɓarya, da ƙafafunsa uku na katako. Malaminmu na lissafi ne, wani Nasara, ya bar mini da zai koma ƙasarsu, saboda duk ajin ni kaɗai nake binsa kallon sama.

Ranar da zai ba ni, ya fitar da ni filin ƙwallo da rana tsaka. Ya saita bututun ga rana ba tare da ya ɗaga kai ba, inuwar bututun kawai yake kallo a ƙasa har ta dunƙule ta zama ƴar ƙarama. Sai ya tsinci busasshen kara ya riƙe a bakin da ake sa ido. Ban ƙirga biyar ba hayaƙi ya tashi. Ya ce mini, wannan karan idonka ne. Sannan ya ɗauko farar takarda ya riƙe ta nesa kaɗan da bakin, sai ga rana ta fito a kan takardar, zagayayya, faɗin faifai, ba ta ko sa hawaye. Ya ce haka ake kallon rana, a juya mata baya a dubi takarda. Daga ƙarshe ya zaro wani ɗan baƙin gilashi daga cikin akwatin, kamar babban maɓallin riga, wanda ake murɗawa a bakin bututun wai don a kalli rana kai tsaye. Ya ce masu sayarwa ne ke sako shi, amma duk zafin da ya ƙona karan nan a kansa yake taruwa, kuma yana fashewa ba sallama. Ya ce in jefa shi rijiya.

Ban jefa ba. Ɗan talaka irina, a ba shi gilashin Turai ya jefa rijiya? Na naɗe shi a tsumma na tura cikin kwalin ashana, na mayar ƙasan akwatin.

A ƙauyen na samu kwalin sabulu a wurin mai tebur, na manna farar takardar kaye, wato littafin rubutu, a cikinsa, na huda gefe guda. Kullum in an tashi yara da hantsi sai in kafa bututun bayan rumfata, in saita shi da inuwa, in riƙe kwalin. In ya ɗan jima sai in kau da bututun ya huce. In zan matsa ko nan da can ne sai na rufe bakinsa, don na san yara da son leƙe. Haka na ci gaba da yi har na bar aiki, a Bangi da Allakaye da duk inda aka jefa ni, kuma ba yaron da ya taɓa sa ido a bakin bututun nan da rana.

Mutanen gari suka sa wa bututun suna igwa. Da farko dariya suke yi. Amma da watan shuka ya kama, aka yi binne, hadari ya riƙa tasowa daga gabas yana watsewa ba ɗigo, sai dariyar ta ƙare. Aka ce mushen rumfa ne ke harbin hadari da igwarsa. Matan da ke kawo mini fura suka daina biyowa ta ƙofata. In na yi sallama a bakin rijiya sai a amsa mini da hanci. Wata safiya na tarar an jibge mini ƙaya a bakin ɗaki. Da maganar ta kai gaban mai gari, darakta da bakinsa ya je ya ce shi ba ruwansa, ya ma sha hana ni. Ƙarya yake yi, bai taɓa ko tsayawa ya duba ba.

A nan tsohon ya shigo. Kowa Baba yake ce masa, har mai gari. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, ƙaya ta soke shi wajen sassabe. Na daman kuwa, Allah ya zuba masa abin da ya rage wa mutum goma. Duk ranar ashirin da tara ga wata sai ya hau dutsen da ke yamma da gari kafin magariba. In ya sauko ya ce ya gani, liman yakan nemi shaida na biyu don cika ƙa'ida kawai, mai gari ya sa a buga ganga. Ƙauyukan fadamar nan duka gangarmu suke jira kafin su ɗauki azumi ko su ajiye. Ba shi da shanu, ba shi da garkar albasa, gonarsa ma ba ta kai ta kawo ba. Wannan idon shi ne duk abin da ya sa ake matsa masa wuri a sahun gaba.

Ya same ni bayan rumfa ina riƙe da kwali, ya tsaya a kaina bai ko yi murmushi ba.

"Mushe, an ce hadari kaka halbi. Ni ba ni shaidar abin da ban gani ba. Gwada mini."

Na ce, "Baba, zauna nan, ka ba rana baya. Cikin kwalin za ka duba."

Ya karkata kai yadda masu ido ɗaya ke yi, ya daɗe yana kallo. Can ya ce takardata da kashin ƙuda. Na duba, ban ga kome ba. Ya nuna mini da farce, ɗigo uku baƙaƙe, ƙanana ƙwarai, wajen gefe. Na goge takardar da hannun riga, suna nan. Na matsar da kwalin, suka bi rana suka bar takarda. Wallahi wata biyu ina kallon abin nan ban lura da su ba, sai da wannan tsohon ya zo.

"Ashe ita ma da tabonta," in ji shi.

Washegari ya dawo, da jibi, da gata. Shi ya fara cewa ɗigon suna tafiya, kullum suna matsawa kaɗan zuwa ɗaya gefen. Na riƙa zana su da fensir, shi yana gyara mini wurin. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a masallaci ya ce ya duba igwar mushe ciki da waje, ba ta harbin kome, ruwa kuwa yana hannun Mai shi. Ba wanda ya ƙara zuba mini ƙaya. Fura ma ta dawo.

Sai rediyo ya fara sanarwa cewa za a yi husufin rana, wata zai shiga gabanta da tsakar rana, har Nasaru suna ta wucewa arewa da motoci don su gani. Nan take darakta ya tuna cewa akwai igwa a lakwal ɗinsa. Ya ce duk abin da ke cikin filin lakwal kayan lakwal ne, kuma kayan lakwal a hannun darakta suke. Ya sa aka ɗauke akwatin madubina aka kulle a magaza, ɗakin da ake ajiye alli da littattafai, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Yana cikin binciken akwatin ya ci karo da kwalin ashana.

Ya kira ni gaban manyan yara, yana juya baƙin gilashin tsakanin yatsu. Ya ce ga abin kallon rana na gaskiya na ɓoye, ina ta yaudarar ƙauyawa da kwalin sabulu. Na ce masa gilashin nan fashewa yake yi, na ba shi labarin karan da ya yi hayaƙi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce wato Nasarun da suka ƙera shi a ƙasarsu ba su kai ni sani ba, ni da na fito makaranta jiya. Daga ranar ya sa mini suna mai kwali. Na sake gaya masa bayan kwana biyu, mu kaɗai, cikin ladabi. Ya ce in na ƙara tayar da maganar zai rubuta wa sufeton makarantu cewa ba na jin magana.

Saura kwana uku husufin ya buɗe magaza ya ce in goge kayan tsaf, don ya gayyaci mai gari da liman. Ina gogewa na ɗaga baƙin gilashin wajen hasken ƙofa. Sai na ga tsaga, siririya kamar gashi, ta taso daga gefe ta nufi tsakiya. Ko a tafiyar jaki ta samu, ko a hannunsa, oho. Na miƙe da niyyar in kai masa ya gani da idonsa. Ina isa bakin ajinsa na ji muryarsa yana kwaikwayon yadda nake tafiya da kwali, yara suna ƙyaƙyata dariyar dole.

Na tsaya nan raina yana tafasa. Na juya, na naɗe gilashin a tsummansa, na mayar cikin kwalin ashana. Na ce a raina, ai na faɗa maka sau biyu, je ka gani. Idonka biyu, ga tabarau a kai. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa ba makanta na so masa ba, so nake kawai ya zabura ya faɗi da baya cikin ƙura da farin wandonsa a gaban duk gari. Wataƙila haka ne. Amma na ga karan nan yana hayaƙi, na san abin da bututun ke yi.

Ranar ta zo, sama tas ba ko gajimare. Aka shimfiɗa tabarmi a filin lakwal, aka fito da kujeru biyu, ɗaya ta mai gari ɗaya ta darakta. Maza suka cika wurin, tun da ba aikin gona, iri yana kwance cikin busasshiyar ƙasa. Can cikin gari mata sun fito da gwangwanaye da turame suna jiran a fara su buga, wasu sun ajiye ƙwarya cike da ruwa a tsakar gida don su kalli ranar a ciki. Na kafa ƙafafun nan uku, na saita bututun da inuwa. Rana ta kusa tsakiyar kai, don haka bututun ya miƙe kusan tsaye, bakin da ake sa ido yana can ƙasa daidai gwiwa. Na ɗauko kwalina, darakta ya ture shi da ƙafa ya miƙo mini tafin hannu.

Na ciro gilashin na sa masa a hannu. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ban ce uffan ba.

Ya murɗa shi da kansa. Maimakon ya duba, sai ya gyara tsayuwa ya fara jawabi da Faransanci a kan ilimi da jahilci, ni kuma aka sa ni fassara. Duk tsawon jawabin nan bututun yana kallon rana, zafi yana taruwa a kan ɗan gilashin. Na sani sarai. Ina fassara ina satar kallonsa, ina cewa a raina, ƙara dai, ƙara.

Da ya gama ya matso, ya dubi bakin bututun can ƙasa, ya dubi ƙurar da ke wurin, ya dubi wandonsa. Ya ga dole sai ya durƙusa a gaban talakawa kafin ya iya sa ido. Ya ja da baya. Sannan ya juya ga jama'a, kuma karon farko tun zuwana na ji Hausa ta fito daga bakinsa.

"A garin nan wa ya kai Baba ido? Ba ni shiga gaban babba. Baba, bismilla."

Wuri ya ɗauki, madalla, madalla. A ƙasarmu haka abin yake: in an haƙa sabuwar rijiya, gugan farko na dattijo ne, in an kawo akushi yaro ba ya riga babba sa hannu. Har yau ban sani ba ko ladabi ne ya motsa masa ranar ko tsoron ƙura. Na fi zaton ƙurar ce.

Tsohon bai tashi nan da nan ba. Ya karkato kai ya dube ni, ya ce shi da kwalin mushe ya saba. Darakta ya yi dariya ya ce kwali na yara ne, yau abin manya za a gani. Mai gari ya ce, tashi mana Baba, an girmama ka. Ya tashi. Aka shimfiɗa masa buzunsa ƙarƙashin bututun, ya durƙusa a hankali yana dafa sanda, ya sake dubana.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma me zan ce? In na ce gilashin tsagagge ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce yaushe na sani, kuma don me na miƙa wa darakta. A gaban mai gari, a gaban liman, a gaban yarana. Sai na rufe bakin, na ce bari ya ɗan leƙa, ƙiftawa ɗaya, in yi kamar na yi tuntuɓe in ture bututun.

Ya sa idon damansa. Can ya ce, "Kai! An gutsure ta ga gefe, kamar ƙosai."

Jama'a suka fashe da dariya, mata suka fara buga gwangwanaye can cikin gari. Cikin wannan hayaniyar na ji wata ƴar ƙara, ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Tsohon ya yi baya ya zauna daɓas, hannunsa a kan ido. Na kai wa bututun duka ya kife, amma aikin gama ya gama.

Bai yi ihu ba. Cewa kawai yake, ba kome, ba kome, walƙiya ce. Aka kama shi aka kai shi gindin bishiyar bedin da ke bakin lakwal. Muna nan tsaye hasken duniya ya fara dusashewa, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, liman ya ja mutane salla. Sai wani ya nuna ƙasa. Duk inda hasken rana ya ratso ganyen bedin, ya zana ɗan lauje a kan rairayi, ɗaruruwa, har a kan rigar tsohon da ƙafafunsa. Ga husufin nan a ƙasa kyauta, ba gilashi, ba igwa, ba jawabi. Kowa ya sunkuya yana kallo yana salati. Shi kuwa yana zaune a tsakiyarsu yana tambaya, mi ne, mi kuka gani.

Ranar kasuwa aka sa shi a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Buza. Ma'aikacin asibitin ya ɗiga masa magani, ya ce a jira. Idon daga waje lafiya lau, ba ja ba kumburi. Amma duk abin da ya kafa wa ido, sai wani baƙin tabo ya zauna a kansa. Yana ganin gefen hanya, ba ya ganin hanyar. Yana ganin rigar mutum da hularsa, ba ya ganin fuskar.

Darakta ya rubuta wa sufeto takarda shafi biyu, ya ce na kawo kayan haɗari lakwal ba da izini ba. Ya mayar mini da akwatina da kansa, ya ajiye a ƙofata kamar mushen kare. Gari kuma ya koma mini fiye da da. Wanda ya zuba mini ƙaya a baya yanzu dutse yake jifan ƙofata da shi, kuma ban ga laifinsa ba. Ban kare kaina wurin sufeto ba, ban kuma je na duba tsohon ba. Ana ba da hutu na tattara na gudu gida Madawa, na yi wata uku ina cin tuwon uwata. Shi darakta ko a jikinsa. Bayan shekara guda ma aka ba shi babbar lakwal wajen Keita, kuma da muka haɗu a wani taron malamai bayan shekaru, daga nesa ya ɗaga hannu ya ce, a'a, mai kwali!

Na koma ƙauyen ana gab da buɗe lakwal, gero ya ƙone a tsaye, watan Sha'aban yana ƙarewa. Ranar ashirin da tara, bayan la'asar, na ji sanda tana taɓa ƙofata. Shi ne. Ya rame, yana kallon gefen kaina maimakon fuskata. Na durƙusa zan fara gaisuwa, ya katse ni.

"Tashi, mushe. Yau aka duban wata. Kama mini hannu."

Muka ratsa gari mutane suna bin mu da kallo, ba wanda ya ce mana sannu. Muka hau dutsen. Ƙafarsa ta san kowace tsakuwa, ni ne ma nake tuntuɓe. A can sama akwai wani faffaɗan dutse da tsayuwarsa ta shekaru ta goge har yana sheƙi. Ya tsayar da ni a kai, ya juya kafaɗuna yamma. Ya ce in rana ta faɗi in nemi gawon da ke shi kaɗai a bakin fadama, in miƙe hannu, in ɗora yatsu huɗu bisa kansa, in ɗan koma hagu. Ya ce kada in ƙura ido, in bar shi ya huta a wurin, watan da kansa zai fito.

Rana ta faɗi. Na yi duk yadda ya ce. Na duba har hawaye suka zubo, ja ya koma toka, tokar ta fara duhu. Yana ta tambaya, ka gani? Ina cewa tukuna, Baba. Ƙasan dutsen mutanen gari sun taru sun ɗaga kai suna jiran mu, mai ganga yana tsaye da gangarsa a rataye.

Sai muka ji ganga. Ba tamu ba, daga can ƙetaren fadama take, ta wani ƙauye da tun kafin a haife ni tamu suke jira. Wani can ya gani. Mai gangarmu ya sauke tasa ƙasa, mutane suka fara watsewa suna tafiya masallaci.

Tsohon ya saurara har aka gama bugawa. Hannunsa yana kan damtsena, na ji ya ƙara matsewa.

"Mushe, ran nan, kafin in sa ido, na duba hwuskarka. Ita ce abu na ƙarshe da idon ga ya gani da kyau. Na ga bakinka ya buɗe, ya rufe. Mi ka so ka ce?"

Na yi niyyar ƙarya, ta ƙi fitowa. Na ce, "Gilashin tsagagge ne, Baba."

"Yaushe ka sani?"

"Kwana uku kafin ranar."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kwana ukku. To wa ka aje ma shi?"

Na kau da kai.

"Darakta," in ji shi. Ba tambaya ba ce. Sannan ya ce, "Da ka ce mini kul, ko da ido, da ban sa ba. Kai na duba, ba shi ba."

Ya saki damtsena, ya laluba sandarsa, ya juya ya fara gangara. Duhu ya soma, ga duwatsu, na bi shi da sauri na kama gwiwar hannunsa. Ya fizge da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Sake ni, mushe. Gefen hanya ina gani."

Na tsaya a kan dutsensa ina jin ƙarar sandar tana sauka, har ladan ya kira salla.